Dariyar Bayan Ido

A daren 30 ga watan Agusta, 2012, a birnin Tampa na ƙasar Amurka, wani dattijo mai shekara 82 ya hau dandamali a gaban dubban 'yan jam'iyyar Rifabulikan. Sunansa Clint Eastwood, ɗan wasan kwaikwayo ne, wanda da yawa daga cikin malamanmu suka sani tun zamanin da ake rububin kallon kaboyi a silima. An taru ne domin a tsayar da Mitt Romney takarar shugaban ƙasa. A gefen dattijon nan an ajiye wata kujera, babu kowa a kanta. Sai ya waiwaya ya dube ta, ya ce wa jama'a ga Shugaba Obama nan zaune, yana da 'yan tambayoyi da zai yi masa. Ya yi wajen minti 12 yana hira da kujera. Ya tambaye ta labarin marasa aikin yi, ya tambaye ta ina alkawarin rufe kurkukun Gwantanamo ya kwana. Can kuma sai ya karkata kunne kamar ana raɗa masa wani abu, ya ɗago ya ce a'a, shi ba zai iya faɗa wa Romney wannan maganar ba, watau dai kujera ta yi ashar. Zaure ya kaure da dariya.

Ni ban ga wannan abu ba sai shekaru da yawa bayan an yi shi, ran da muka zauna da wasu abokai muna kallon tsofaffin jawaban siyasar Amurka. Mu ma muka yi ta ƙyaƙyatawa. Da muka natsa, sai wani daga cikinmu, wanda ba shi da yawan magana, ya ce, "To, malamai, wa ya yi ashar ɗin nan da muka yi wa dariya?" Muka yi shiru. Obama dai bai yi ba, don ba ya wurin. Kujera ba ta da baki. Dattijon ne ya ƙaga maganar, ya sa ta a bakin mutumin da ba ya nan, mu kuma muka karɓa muka biya shi da dariya. Tun ran nan tambayar ta ƙi barina, shi ya sa na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan uwana ɗalibai da malamanmu: shin daidai ne a tara jama'a a yi wa wanda ba ya nan dariya, ko da kuwa mai neman mulki ne?

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kamata mai karatu ya san irin taron da ake nufi. A nan gida, babban taron jam'iyya fagen fama ne. A Jos a 1999, sai da aka ƙirga ƙuri'un wakilai kafin a tabbatar Obasanjo ya kayar da Ekwueme. A Amurka ma da can haka abin yake, amma rabon da wata babbar jam'iyyarsu ta kai ga jefa ƙuri'a zagaye na biyu a zauren taro tun 1952, lokacin da 'yan Dimokurat suka tsayar da Adlai Stevenson a zagaye na uku. Bayan rikicin taron Shikago na 1968 aka sauya tsari, zaɓen fid da gwani na jiha-jiha ya zama shi ne mai yanke hukunci. Saboda haka galibi tun kafin a buɗe zaure kowa ya san wanda za a tsayar. Abin da ya rage wa taron shi ne 'yan kwanaki na jawabi a gaban talabijin. Kuma duk wanda ke cikin zauren nan ra'ayinsu ɗaya, abokin hamayya kuwa yana can wata jiha. Wannan shi ya sa barkwanci ya sami wurin zama. Mai jawabi ba ya bukatar ya rinjayi waɗanda ke gabansa, sun riga sun yarda. Abin da ake so shi ne a ji su sun yarda, da ƙarfi, a lokaci guda, kuma babu abin da ke yin wannan aiki kamar dariya.

Amsar da ta fara zuwa mini ita ce wadda na tabbata ta zo wa mai karatu. Ai wannan cin naman mutum ne, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san Suratul Hujurati ta hana izgili, ta hana jifan juna da laƙabi, ta hana giba. Sai a rufe littafi, magana ta ƙare. Amma ban iya tsayawa nan ba, domin malaman da suka koya mana haramcin giba su ne kuma suka keɓe wasu wurare da ya halatta a faɗi aibin mutum a bayan idonsa. Wanda aka zalunta yana iya kai ƙara. Wanda aka tambaye shi shawara game da mai neman aure, ko mai neman a ba shi ajiya, wajibi ne ya faɗi abin da ya sani. To, in an yarda a tona halin mai neman 'yar mutum ɗaya, yaya za a hana tona halin mai neman a damƙa masa ƙasa da sojojinta da baitulmalinta? Bugu da ƙari, sau da yawa dariya ita kaɗai ce makamin da ya rage a hannun talaka. A fadojinmu na da, wawan sarki yakan faɗi abin da waziri ba ya iya faɗa, ya kwana lafiya. Mai mulkin da ba a iya yi masa dariya, wannan ya wuce shugaba ya doshi fir'aunanci. Don haka ba na cikin masu cewa a rufe bakin kowa.

Sai dai izinin da malaman suka bayar yana da sharaɗi. Abin da za ka faɗa ya zama gaskiya, kuma kada ya wuce gwargwadon bukata. A nan ne barkwancin siyasa yake da wata dabara da ba kowa ke lura da ita ba.

Mu ɗauki shahararren misali. A watan Yuli na 1988 'yan Dimokurat suka taru a Atlanta don tsayar da Michael Dukakis. Wadda aka ba babban jawabin buɗe taro ita ce Ann Richards, ma'ajin jihar Teksas a lokacin, mace mai kaifin harshe. Abokin karawarsu shi ne Joji Bush babba, wanda ke mataimakin Shugaba Reagan. Turawa suna da karin magana biyu. In mutum ɗan masu hali ne sukan ce an haife shi da cokalin azurfa a baki. In kuwa mai yawan suɓutar baki ne sukan ce ya tura ƙafarsa a baki. Sai matar nan ta haɗa biyun ta ƙulla, ta ce Allah sarki Joji, ba laifinsa ba ne, an haife shi da ƙafar azurfa a baki. Har yau ana tuna wannan magana, alhali an manta da sauran jawabin.

Ka ga yadda na sha wahala kafin in kawo maka ita cikin Hausa, kuma na san ba ka yi dariya ba. Wannan wahala ita ta koya mini abin da nake son faɗa. Lokacin da na yi ƙoƙarin fassara wa abokaina irin waɗannan maganganu, sai na ga gishirin yana narkewa a hanya, abin da ke isowa Hausa shi ne tsurar da'awar da ke ƙunshe a ciki. Fassara ta zama mini kamar rariya. In ka tace maganar Ann Richards, abu biyu ne za su fito fili. Na farko, Bush ɗan masu kuɗi ne. Gaskiya ne, ubansa ɗan banki ne kuma sanata, ko da yake ba a tambayi kowa gidan da yake so a haife shi ba. Na biyu, bakinsa yana suɓucewa. Wannan ma waɗanda suka saurare shi ba su musa ba. Amma akwai abu na uku wanda ba ta furta ba, kuma shi ne ainihin abin da zauren ya ji har ya yi sowa: wai mutumin nan ɗan lele ne, ragon namiji, wanda bai taɓa sanin wuya ba. Wannan kuwa ba haka ba ne. Ran da Bush ya cika shekara 18 ya shiga sojan ruwa, ya zama matuƙin jirgin sama, kuma a watan Satumba na 1944, yana da shekara 20, Japanawa suka harbo jirginsa, aka tsamo shi daga teku. Da ta tsaya ta ce a fili Bush rago ne, da kafin gari ya waye an kawo mata wannan tarihi. Da yake ta naɗe shi cikin wasa, ya wuce ba wanda ya tare shi.

Abin da nake nufi ke nan. Magana ta sosai tana bi ta ƙofar gari, a tsayar da ita, a kwance kayanta, a tambaye ta shaida. Barkwanci kuwa ɗan fasa-ƙwauri ne, ta bayan ganuwa yake bi. Wani lokaci kayan da ya ɗauko halal ne, gajeriyar hanya kawai ya bi. A wannan taro na Atlanta, Sanata Edward Kennedy ya riƙa jero al'amuran gwamnatin Reagan, har da sayar wa Iran makamai a asirce, bayan kowane ɗaya sai ya tambaya, jama'a suna amsawa tare da shi, "Ina Joji yake?" In ka tace wannan, abin da zai rage tambaya ce mai nauyi: ko dai mataimakin shugaba ya san abin da ake yi, ko bai sani ba, kuma kowanne ya zaɓa akwai bayani a kansa. Tambayar Gwantanamo da Eastwood ya yi wa kujera ita ma haka take, don Obama ya yi alkawarin, kuma har ya bar mulki a 2017 kurkukun yana buɗe. Irin wannan ba ni da ja a kansa. Masu iya magana sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, balle mai wayo.

Amma dubi abin da ya faru a 2004, a taron Rifabulikan na birnin Niyok. Ɗan takarar Dimokurat, John Kerry, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Biyetnam, an ba shi lambar nan da Amurka ke ba sojan da aka raunata a fagen fama har sau uku. Lambar tana da siffar zuciya, launinta shunayya. Sai aka ga waɗansu wakilai a zaure sun manna 'yar filasta a fuska ko a hannu, an zana mata zuciya shunayya a tsakiya. Ba a yi jawabi ba, ba a ambaci suna ba. Ma'anar dai ita ce, raunin Kerry ƙwarzane ne da filasta za ta rufe, lambobinsa na bogi ne. Wannan zargi ne babba, wanda in za a yi shi sai a fito da takardun asibiti da shaidu. An yi shi da abin da bai kai kwabo ba. In ka tare mai filastar ka ce ya kawo hujja, amsarsa a shirye take: haba, wasa ne fa. Shugabannin jam'iyyar da kansu sun nemi a daina. Amma magana zarar bunu ce, hotunan sun riga sun zaga ƙasa, kuma duk wani tsohon soja mai irin wannan lamba a akwatinsa ya gani.

Kada mai karatu ya ɗauka jam'iyya ɗaya na sa a gaba. A Shikago a 2024, Obaman nan da aka zaunar a kujera ba da saninsa ba, shi ne a kan dandamali. Yana zolayar Donald Trump game da yadda ya damu da yawan jama'ar da ke zuwa taronsa, sai ya yi wani nuni da hannuwansa wanda kunya ta hana ni fassarawa a nan. Zaure ya gane, ya ɗauki sowa. In ka sa wannan a rariya, babu abin da zai rage wanda ya shafi mulki. Kuma dole in faɗi gaskiya a kan kaina: na fi jin daɗin wannan a kan na Eastwood, kuma da na bincika dalili ban sami kome ba sai cewa zuciyata ta fi karkata ga mai maganar. Laifi tudu ne. Abin da nake kira rashin kunya a bakin wanda ba na so, shi nake kira gwaninta a bakin nawa.

Wani zai ce, ai mu Hausawa ba mu da bakin magana, mu da muka gaji wasa tun kaka da kakanni. Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, taubashi da taubashiya, jika da kaka, wace irin baƙar magana ce ba sa faɗa wa juna? Haka ne. Amma a lura da ƙa'idar wasan. Ido da ido ake yinsa, kuma wanda aka yi wa yana bin bashin ramuwa nan take, a gaban mutanen da suka ji ta farko. Sa'an nan kowa ya san ba a nufin a raba shi da kome, bayan an gama tare za a ci tuwo. Abin da ake yi a zauren taron jam'iyya ya fi kama da zambo, inda maroƙi ke wasa ubangidansa ta hanyar kushe abokin gabarsa. Har ma maroƙi ya fi su fitowa fili, don kowa ya san wanda ya ba shi riga. A can kuwa yawancin maganganun nan da ake ji kamar yanzu suka faɗo wa mai jawabi, akwai ma'aikatan da aka ɗauka musamman su rubuta su, a tace, a gwada, tun kwanaki kafin taro.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, ita ce cewa wanda aka yi wa dariya ba maraya ba ne. Shi ma yana da nasa taron bayan 'yan makonni, da nasa masu rubutu. A daren kujera ma, kafin a kwanta, mutanen Obama sun saki hotonsa zaune a kujerarsa ta shugaban ƙasa, suka rubuta cewa wannan kujera da mai ita. Na yarda wannan ya rage zaluncin da ake yi wa mutumin. Abin da bai rage ba shi ne ɓarnar da ake yi wa masu sauraro, don galibi waɗanda suka ji zolayar ba su ne ke zama su saurari ramuwar ba. Kowane zaure da nasa jama'a. Kuma dariyar taro tana da wani hali: in mutum dubu goma suna dariya kai kaɗai kana tunani, kunya za ta kama ka, ka bi sahu. Ba a kawo maka hujja ba, an dai sa shakkarka ta zama abin kunya.

Inda wannan hanya take ɓullewa an gan shi a 2016, a taron Rifabulikan na jihar Ohayo. Gwamna Chris Christie, wanda tsohon lauyan gwamnati ne, ya mai da zauren kotun wasa. Ya riƙa karanto tuhuma a kan Hillary Clinton ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar jama'a, da laifi ko babu? Su kuwa suna amsawa da laifi, suna raha, har suka koma kirarin a ɗaure ta. Makonni biyu kafin nan shugaban hukumar bincike ta ƙasar ya riga ya bayyana cewa ba su ba da shawarar a gurfanar da ita ba, ko da yake ya zarge ta da sakaci. Mutum yana iya ganin hukumar ta yi kuskure. Amma kotun da mai ƙara shi ne alƙali, 'yan kallo su ne shaidu, wadda ake tuhuma kuwa tana wata jiha, in ana dariya a cikinta abin ya fi ba ni tsoro a kan in ana ɗaure fuska.

Ban ce babu barkwanci mai tsabta a irin wannan zaure ba. A 1992 Reagan, yana da shekara 81, ya tsaya a taron jam'iyyarsa ya ce wai yaron nan Clinton yana kamanta kansa da Thomas Jefferson, to shi ya san Jefferson, abokinsa ne, kuma Clinton bai kama ƙafarsa ba. Jefferson kuwa ya mutu tun 1826. Kafin bulalar ta sauka a kan Clinton sai da ta fara sauka a kan tsufan mai maganar. Shi ma Bush, wanda kowa ya san ba gwanin jawabi ba ne, da ya zo karɓar takara a watan Agusta na 1988, ya yi wa jama'a alkawarin zai yi ƙoƙari ya danne kwarjininsa kada ya yi yawa. Wanda ya fara biyan kuɗin dariya daga aljihunsa, na fi sakin jiki da shi, ko da yake na san wannan ma dabara ce, kuma an rubuta masa.

A cikin wannan jawabi ne dai Bush ya ɗaure fuska ya ce a dubi leɓɓansa, ba zai ƙara haraji ba. A 1990 ya sa hannu a kan ƙarin haraji. A 1992 abokan hamayya suka riƙa maimaita hoton leɓɓan nan a talabijin har ya faɗi zaɓe. Watau maganar da ya faɗa da gaske an ajiye ta, an auna, an ci shi tara. Amma ban taɓa jin an dawo an tambayi wani mai jawabi hujjar barkwancinsa ba, ko an tambayi zauren da ya yi dariya. Mai faɗa ya ce wasa yake yi, mai dariya ya ce shi ba shi ya faɗa ba. Ni kuwa ina ganin kason mai dariya ya fi yadda muke zato, don zolayar da ba a yi wa dariya ba a nan take mutuwa, kuma mai jawabi ba ya sake ta.

Dariyar Atlanta dai ba ta ci zaɓe ba. Dukakis ya fito daga taron yana gaba da maki 17 a ƙididdigar jin ra'ayi, amma a watan Nuwamba Bush ya cinye jiha 40 cikin 50. Bayan zaɓe ya aika wa Ann Richards kyautar wani ɗan abin maƙalawa a riga, na azurfa, mai siffar ƙafa. Ita kuwa ta ci gwamnan Teksas a 1990. Da ta nemi komawa a 1994, wanda ya kayar da ita babban ɗan Joji ne.